Jakadan da ba ya sa kwat

Ɗan ƙanwata yana karatun hulɗar ƙasa da ƙasa a wata jami'a a nan Abuja. Ranar da ya zo gaishe ni na tambaye shi daga ina diflomasiyya ta faro. Bai ko numfasa ba ya jero mini yarjejeniyar Wesfaliya ta 1648, da taron Biyana na 1815 da ya tsara matakan jakadu, da yarjejeniyar 1961 mai kare alfarmarsu. Na ce madalla, to Gidaɗo ɗan Laima fa? Ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, wannan ai sai 'yan sashen tarihi."

Gidaɗo shi ne Wazirin Sakkwato da ya sauki Baturen Ingila, Kilafaton, a 1824, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba baƙon wasiƙa zuwa ga sarkin Ingila. Kuma wannan na bayan nan ne. Wajen 1391 Mai Usman ɗan Idris na Barno ya rubuta wa Sarkin Masar Barƙuƙ yana kukan cewa wasu Larabawa suna kame talakawansa Musulmi suna sayarwa. A shekarun 1570 Mai Idris Aloma ya tura jakadu wurin sarkin Turkawa Murad na Uku. Shehu Laminu na Barno da Muhammadu Bello kuwa sun yi ta musayar wasiƙu kan halascin yaƙin da ke tsakaninsu, kowa na kafa hujja da aya da hadisi. Bello bai ɓoye maganar abokin hamayyarsa ba, ya kawo ta a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri.

Ba tutiya da kakanni nake yi ba. Wasiƙun nan ba su hana zubar da jini ba. Abin da nake so ɗalibi ya gani shi ne, kowace al'umma tana da irin mutumin da take buɗe wa ƙofa, kuma a wurinmu sau da yawa malami ne, ko basarake, ko madugun fatake da ya san inda ake biyan fito da inda ake kwana.

Shekarar 2023 ta nuna mana haka ƙiri-ƙiri. Sojoji suka kifar da shugaban Nijar Muhammad Bazoum ranar 26 ga Yuli. ECOWAS, wadda hedikwatarta ke nan Abuja, ta yi barazanar amfani da ƙarfi, aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wuta. Tawagar farko ta Janar Abdulsalami Abubakar ta je Yamai ta dawo ba ta ga jagoran juyin mulkin, Janar Tchiani, ba. Muhammadu Sanusi II ya je ya gan shi. Bayan 'yan kwanaki malamai ƙarƙashin Shaikh Bala Lau suka zauna da shi. Ba su mayar da Bazoum kan mulki ba, gaskiya ne, kuma daga baya Nijar ta fice daga ƙungiyar. Amma maganar yaƙi ta yi sanyi, don mutanen Illela da Jibiya da Maigatari sun san wanda za a harba ɗan uwa ne ko suruki. Wanda ya tsara takunkumin a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki bai lissafa manyan motocin albasa da suka yi jerin gwano a bakin iyaka ba.

Ba na cewa a jefar da ƙa'idojin Biyana. Jakadan da bai san dokar ƙasa da ƙasa ba, shari'a irin ta Bakasi, wadda Najeriya ta sha kaye a hannun Kamaru a 2002, za ta sake kayar da shi. Amma kafin Ma'aikatar Harkokin Waje ta tura sabon jami'i Yamai ko Njamena, ta kai shi Gidan Arewa a Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ya ga yadda ake rubuta wa sarki, sannan ya yi wata guda a kasuwar Illela yana sauraron dillalai. Cibiyar nazarin manufofi da dabarun ƙasa ta Kuru da ke kusa da Jos ma tana iya saka wannan cikin kwas ɗinta.

Yaron nawa dai ya ce zai nemi malaminsa ya yarda ya rubuta kundin kammala karatunsa kan wasiƙun Bello da Laminu, amma yana tsoron a ce masa ba fanninsu ba ne.