Bitar kwana biyu ba horar da malami ba ce

'Yan uwa malamai, kun dai ga takardar da ofishin ilimi na yankinmu ya aiko, ba sai na sake karanto muku ba. Saura kwana goma a koma makaranta aka ce sabuwar manhajar karatu ta fito, kuma daga wannan zangon za a fara aiki da ita. Aka tara mu a zaure kwana biyu, aka kunna majigi, aka yi ta karanto mana abin da ke jikin bango tun safe har yamma, aka miƙa wa kowa takardar shaida, aka rubuta a rahoto cewa an horar da malamai. Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai huce ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Manhajar da aka ɗauki shekaru ana tsarawa a ofis, ita ce ake so malami ya haɗiye cikin kwana biyu ya je ya tsaya gaban yara da ita?

A rana ta biyu na ɗaga hannu na tambayi mai gabatarwa yadda zan koyar da lissafin rabi da kwata ta sabuwar hanyar, a cikin minti 40, a ajin da ya cika har bakin ƙofa. Ya ce in duba littafin jagoran malami. Littafin bai iso ba. Ban ga laifinsa ba, domin shi ma wani ne ya karanto masa a wata bitar, wancan ma daga wani ya ji. Haka ake yi: a horar da mutum goma, su horar da ɗari, ɗarin su horar da dubu. Kafin maganar ta iso wurin mai riƙe da alli, ta zama kanun zance kawai.

Kuma an sha gwada wannan hanyar. Afirka ta Kudu ta fara aiki da sabuwar manhajarta, wadda suka kira Manhajar 2005, a shekarar 1998, da irin wannan horon na wane ya gaya wa wane. A 2000 ministan ilimi Kader Asmal ya kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Linda Chisholm don ya duba abin da ke faruwa. Cikin abubuwan da suka gano har da ƙarancin horon malamai da kalmomi masu wuya da suka cika manhajar. Sai da aka yi mata kwaskwarima, daga baya a 2012 aka fara aiki da wani tsarin. Yaran da suka shiga makaranta a tsakanin nan, wa zai mayar musu da shekarunsu?

A Amurka ma, a 2007, masu bincike sun tace nazari sama da 1,300 kan horar da malamai, tara kacal suka cika ƙa'idar ingancin bincike. A cikin taran nan, horon da bai wuce awa 14 ba, ba a ga ya ƙara wa ɗalibai wani abin a zo a gani ba. Ku lissafa awannin da muka yi a zauren nan ku gaya mini.

Na san me za a ce. Za a ce babu kuɗi. Kuɗin zaure da bugun takardun shaida daga ina suka fito? Abin da nake roƙo ma bai kai wannan tsada ba. Lokaci nake roƙo. A Japan, fiye da shekara ɗari malamai suna zama su tsara darasi guda tare, ɗaya ya shiga aji ya koyar, sauran su tsaya suna lura da yadda yara ke fahimta, a fito a tattauna, a gyara. Me ake buƙata a nan in ba gurbi a jadawali ba? Singafo ta ware wa kowane malami awa 100 a shekara don ya ƙaro sani. Mu kuwa kwana biyu, sai kuma ranar da sufeto zai zo da biro yana neman kuskure a tsarin darasinmu.

Za a kuma ce malamai ba sa son canji. Wannan maganar ba ta ma cancanci amsa ba. Na ga wata malama a bitar nan tana ɗaukar hoton kowane shafi da wayarta don ta je gida ta yi nazari da dare. Wannan ce ba ta son canji?

Ni ban ƙi sabuwar manhajar ba, akwai abubuwa masu kyau a ciki, musamman yadda aka rage hadda aka ƙara aikin hannu. Shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo. Za ta lalace a hannunmu, a ce mu muka kasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a kwamitin da ya tsara ta ba a tambayi ko malami ɗaya daga makarantarmu ba. A ba mu zango guda mu gwada ta a ajujuwa kaɗan. A turo gogaggen malami ya zauna a bayan ajina, ya ga inda nake tuntuɓe, ya dawo bayan mako biyu ya ga ko na gyara. Wannan ne horo.

Af, tunda maganar zama tare ta zo: ɗakin malamanmu tun bara aka mayar da shi sito, an jibge karyayyun kujeru har rufi. A ƙarƙashin bishiya muke duba littattafan yara, in iska ta taso kowa ya danne takardunsa da dutse. Sau uku muna rubuta takarda a kai. Don Allah duk wanda mabuɗin yake hannunsa, a zo a kwashe kujerun nan.