Sif ɗin Kano da sif ɗin Nima

A Kano mace za ta iya rufe akwatin lefenta ta tura ƙarƙashin gado, bayan shekaru ta jawo ta tarar da atamfa kamar jiya aka sayo ta a Kantin Kwari. Iskar garin busasshiya ce, damina ta yi 'yan watanninta ta wuce, hunturu ya zo ya busar da komai. Shi ya sa muka taso da tara tufafi: sif cike, saman sif akwatuna, bayan ƙofa jakar gana-mas-go, kuma babu abin da ke samun kayan.

Accra ba ta yarda da wannan ba. Teku na gefenmu, laima ba ta barin gari. Daga watan Mayu zuwa Yuli, kina buɗe sif warin raɓa zai tare ki. Takalmin fata ya yi fari fat da fumfuna, leshin da kike ji da shi ya fito da ɗigo-ɗigon baƙi a daidai ninki, irin wanda sabulu ba ya fitarwa. Kafur da turaren wuta suna rage wari, amma ba sa hana kaya ruɓewa idan an cushe su iska ba ta ratsawa. Ga kuma matsalar wuri. A Nima da Mamobi, unguwannin zango na nan Accra, iyali da yawa ɗaki ɗaya ne da ɗan falo, mai gida kuma kuɗin shekara ɗaya ko biyu yake nema a dunƙule. Wa zai biya wannan kuɗin don akwatin da ba a buɗewa ya samu wurin kwana?

Don haka a nan dole mutum ya rage. Ni kafin damina ta kankama nake fito da komai kan tabarma. Na yau da kullum su koma inda hannu ke kaiwa, na biki da na Sallah a shanya su sha rana sannan a ninke, a kuma bar tazara tsakanin sif da bango. Abin da Sallah biyu suka wuce ban taɓa ba, na san ba nawa ba ne kuma.

Ina kayan za su je? Nan ne nake ganin gida ya fi. A Kano kwance yana da hanyarsa tun kaka da kakanni. Yaya ta cire ta ba ƙanwa, 'yan uwa su zo daga ƙauye a haɗa musu ƙulli, mai aiki da almajirin gida su samu rabonsu kafin Sallah. Wanda ya gaji a mayar da shi zanin goyo ko na ɗaurin ƙirji, ƙarshe ya zama tsumma. Mai bayarwa ta san mai karɓa, ta san tsayinta da jikinta, kuma kunya ba za ta bar ta ta miƙa yagaggen abu ba.

Wanda yake son ganin abin da ke faruwa idan babu wannan kunyar, ya shiga kasuwar Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Accra. Ƙungiyar Or Foundation, mai aiki kan matsalar sharar tufafi, ta ƙiyasta cewa tufafin gwanjo kusan miliyan 15 ke shigowa kowane mako, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari suna ƙarewa a shara. Kayan da mutanen Ingila da Amurka da sauransu suka share daga sif ɗinsu ke nan, suna ganin sun yi sadaka. 'Yar kasuwa ta ci bashi ta sayi dila a rufe, sai ta yanke ɗaurin ta ga riguna masu tabo da yagaggun wanduna. 'Yan mata masu dako, yawancinsu daga arewacin Ghana, su ke ɗora dila mai kilo 55 a ka. Abin da bai sayu ba kuma ki je bakin tekun Jamestown ko tafkin Korle ki gan shi ya nannaɗe cikin yashi. Gobarar watan Janairun 2025 ta cinye babban ɓangare na kasuwar, mutane suka sake kafa rumfunansu, diloli suka ci gaba da sauka.

Abin da nake roƙon matan zango shi ne kada mu kwaikwayi wannan. Mu fitar da kaya tun suna da kyau, mu wanke mu goge, mu kai hannun da muka sani. Akwai zawarawa da marayu a lungunanmu, akwai baƙin da suka sauka daga Nijar da jaka ɗaya.

Sai batun anko, wanda shi ne ke cika mana sif tun farko, a can da nan. Kowane suna da kowane aure sabon yadi, a ba tela, a sa yini ɗaya, a ninke. A zangon Accra har abin ya fi na gida yawa a ganina, don kusan kowane ƙarshen mako da taro. Da uwar biki za ta ce a zo da launi kaza kawai, kowa ta duba abin da take da shi, da kuɗin yadin ya shiga gudummawar amarya. Wasu ƙawayena a Mamobi sun fara yin haka a tsakaninsu, taron ya yi kyau, kuma babu wadda ta ci bashin tela.