Waye Malam Root?

Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗan sikirif, wato ƙaramin shirin kwamfuta, na rubuta don cron, mai tayar da aiki da kansa a lokacin da aka sa masa, ya riƙa tura rahoton mako ta imel duk Litinin, layi ɗaya ne da umarnin mail. A laftof ɗina na sa -a "From: ..." ya fita tsaf da sunana. Da na kwafa kan saba sai ya ce wai babu fayil mai wannan suna, ashe umarnin mail iri-iri ne, nawa na GNU mailutils ne, shi kuma na sabar -a a wurinsa maƙala fayil ne, -r yake so don sa mai aikawa. Ni ina sauri, kawai na goge -a ɗin na kama gabana.

To in ba ka faɗa masa mai aikawa ba, sunan yuza yake ɗauka ya liƙa da sunan injin. Yuza root, wato babban yuza mai iko da komai a sabar. Injin kuwa ni na raɗa masa suna tun bara saboda lodin da yake sha: jakin-ofis.

Litinin ana mitin oga ya gyara tabarau ya ɗaga waya ya ce, waye Malam Root a cikinku? Tsit. Ya ce mutumin nan ya turo min rahoto, sau biyu ina ba shi amsa saƙon na dawowa. Sai ya karanta adireshin a hankali, root, ya tsaya, jakin, ya sake tsayawa ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ofis. Ya ce shi ne jakin ko mu? Na ɗaga hannu ina "ranka ya daɗe, wato injin ne", muryata har rawa take, ya ce au kai ne.

Wani abokin aikinmu mai zama kusa da firinta kuwa, dariya har da buga tebur da share hawaye. Mutumin da sau uku ina canza masa fasuwod a wata ɗaya fa, wanda ya taɓa kirana da dare wai intanet ya ɓace alhali waya ce ta zare. Yanzu ko a matakala muka haɗu sai ya ce Malam Root ina gajiya, ya lodi.

Na dai sa -r da adireshina, ya gyaru. Sunan injin ban taɓa ba tukuna, abubuwa da yawa na rataye da shi, sai na samu lokaci.