Ku daina fakewa da ɗan kallo

Tun da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango a watan Mayun 2025, bisa zargin ana sakin su ba tare da an kai mata ta duba ba, maganar Kannywood ta tsaya a wuri ɗaya: wa ke da ikon hanawa, wa ke da ikon saki. An yi ta musayar yawu a gidajen rediyo da Facebook, ƙura ta lafa, kowa ya koma bakin aikinsa. Tambayar da ta dame ni kuwa ko tayar da ita ba a yi ba. To an tace fim, an ba shi takarda, an sake shi. Me ke cikinsa da zai zaunar da mutum mai hankali har ya manta shayinsa ya huce?

Ni ba ɗan fim ba ne, ban taɓa riƙe kyamara ba. Ɗan kallo ne, irin wanda in an yi sallar isha'i, waya na da caji, zai buɗe duk abin da ya samu. Kuma irina ne ake jingina wa laifin. Tambayi furodusa me ya sa labari ba ya wuce ɗan mai kuɗi ya ga 'yar talaka, Hajiya ta ce atafau ba da ita ba, uwargida ta nufi gidan boka, amarya ta kwana tana kuka, amsar guda ce: "Yallaɓai, abin da 'yan kallo ke so ke nan." Wannan magana ta ishe ni, domin ƙarya ce, kuma masu faɗinta sun san ƙarya ce.

Duk mai son sanin abin da Bakano yake kallo, ba sai ya hau intanet ba. Ya samu benci a shagon masu tura fim a waya, a Farm Centre ko a cikin kowace unguwa, ya zauna ya saurari abin da ake nema. Yaro zai zo ya ce a sa masa na faɗa. Magidanci zai nemi na tarihin Daular Usmaniyya da Turkawa suke yi, wanda sai ka yi watanni ba ka kai ƙarshensa ba. Budurwa, wadda aka ce ba ta san komai ba sai soyayya, za ta nemi na Koriya, na fadar sarki, inda waziri ke ƙulla wa yarima tuggu, likitar fada na gano guba a cikin abinci. Ɗan adaidaita sahu zai ce a cika masa memori da Indiya-Hausa. Kuma ku lura da irin Indiyan da ya ci kasuwa tun da kamfanin Algaita da takwarorinsa suka fara fassara: yawancinsa na kudancin ƙasar ne, na Telugu da Tamil, labarin ɗan sandan da ya ƙi karɓar cin hanci, manomin da kamfani ya ƙwace wa gona, minista ɓarawo da aka tona wa asiri a bainar jama'a. Soyayya na ciki, amma a gefe take. Abin da ke sa yara tafi shi ne ganin an kama azzalumi an lakaɗa masa duka.

Ina cikin masu tafin, ko da yake in jarumi ya naushi mutum ɗaya, goma suka tashi sama, mota ta kife, nakan ce a raina kai, wannan kuma an shiga haƙƙin hankalinmu. Na Cainis ya fi min gaskiya a wajen faɗa, don ka ga wahalar da yaro ya sha a hannun malaminsa kafin ya iya, ka kuma ji labarin Jackie Chan da kansa yake tsallen, har ya sha karaya a wajen aiki. Na Amurka kuwa ba harbe-harbensu ne ke burge ni ba, na kotu da na masu bincike ne, inda za a tsinci gawa a minti na biyar, a bar ka kana zargin kowa, sai a ƙarshe ka gane wanda ka fi yarda da shi ne. Fim ɗin ban tsoronsu bai cika taɓa ni ba. Wanda ya tashi da labarin aljanun kan tsamiya da na mayu a bakin kakarsa, 'yartsanar roba mai juya ido ba za ta hana shi barci ba. Na sararin samaniya nakan fara shi da ɗoki, barci ya ɗauke ni a tsakiya. Wannan duk ra'ayin mutum ɗaya ne, wani zai ce akasin haka, kuma nan ne maganar take: ɗan kallo yana da zaɓi, yana da abin da yake so da wanda ba ya so, yana gane fim mai kyau da na shirme a kowane fanni. Ba rago ba ne da za a ɗaure a zuba masa duk abin da aka ga dama.

Kuma ba jiya ya fara ba. An buɗe silimar Rex a Kano tun 1937. Iyayenmu sun cika Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba da Wapa, sun ga na kaboyi, sun ga Bruce Lee, sun ga na Indiya da 'yan kasuwa Kwarori suka riƙa shigowa da su. Ba sa jin Indiyanci, ba fassara, amma suna bin labari tiryan-tiryan, har suka raɗa wa jarumai suna: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Garin da ya shafe shekara sama da 80 yana kallon fina-finan duniya, shi ne yau za a ce bai iya fahimtar komai ba sai rikicin kishiyoyi?

Ko fim ɗin Hausa kansa bai faro a ƙuntace haka ba. Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin bauta ne da keta sahara da uwa mai neman ɗanta. Wasannin talabijin na da sun yi kotu, sun yi bariki, sun yi ƙauye. Wanda ya ga Samanja ko Ƙasimu Yero ya san abin da nake faɗa. Bayan fim ɗin Turmin Danya ya buɗe kasuwar bidiyo a 1990, an yi na sarauta, an yi na 'yan fashi, an yi camama, wato ta barkwanci, wadda marigayi Rabilu Musa Ibro ya riƙe har rasuwarsa a 2014. Ana raina camama, ana cewa ta 'yan ƙauye ce, amma Ibro a fim ɗaya yakan faɗi gaskiya a kan talauci da son banza fiye da abin da wani mai dogon zango zai faɗa a shekara.

To me ya faru? Kasuwa ce ta mutu. Satar fasaha da wayar hannu suka kashe faifai, shagunan fim na Ƙofar Wambai suka koma sayar da wasu kaya, masu shirya fim suka tsere zuwa talabijin da YouTube. Shi kuma YouTube yana da tasa dokar. Kuɗinsa daga talla yake fitowa, bidiyon da ya wuce minti 8 ana iya cusa masa talla a tsakiya, kuma abin da ake biya a kan mai kallo daga Najeriya bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na Turai ko Amurka. Saboda haka mai son ya mayar da kuɗinsa dole ya yawaita fitowa, ya tsawaita kowace, ya rage kashewa. Mene ne ya fi arha? A ari gida ɗaya a Nasarawa GRA, a samu mota biyu masu sheƙi, a zaunar da mutum uku a falo su yi ta magana. Shi ya sa za ka ga an kwashe minti biyar ana nuna maigadi yana buɗe get, mota ta shiga, an fito, an gaisa, an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, an kawo lemo, an zuba, an sha. Fitowa ta ƙare, labari bai motsa ko taku ɗaya ba. Mako mai zuwa a tuno mana da abin da ya faru a baya, a sake cinye wasu mintunan.

Da za su fito su ce, jama'a, wannan ne ƙarfinmu ya kai, da ban ɗauki alƙalami ba. Talauci ba abin kunya ba ne. Abin haushin shi ne a yi don arha, sannan a ce don ni aka yi. Mai abincin da ita kaɗai ce a layi, kullum shinkafa da wake take dafawa, ba ta da bakin cewa mutanen unguwa ba sa cin tuwo don ta ga tukunyarta na ƙarewa. Yawan masu kallo da ake tutiya da shi bai nuna komai ba sai cewa Bahaushe yana ƙishin jin harshensa a allo, zai kuma kalli abin da ya samu. Ranar da aka ba shi wani abu dabam ai an ga yadda ya yi. Kwana Casa'in na Arewa24 siyasa ce zalla, gwamna da 'yan korensa da 'yan jarida, kuma har a majalisar masu shayi an yi ta cacar baki a kansa.

Masu cewa sai an sami biliyoyi ko an gina alƙaryar fim, kamar wadda aka yi niyya a garin Ƙofa na Jihar Kano a 2016 aka fasa, su faɗa min nawa ake kashewa wajen rubuta labarin da ke da kai da gindi. Masu cewa al'adarmu ce ba ta yarda da wasu labaran ba, su je su saurari tatsuniyoyin da aka rene su da su, masu cike da dodanni da yanke-yanke. Hukumar tacewa kuwa tana da nata kason, ba zan wanke ta ba. A 2021 ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim, wato daidai abubuwan da ke hana mutanen Kano barci. Wanda zai yi fim ɗin ɗan sanda mai farautar masu ƙwacen waya an ɗaure masa hannu, wanda zai nuna mace tana barbaɗa wa kishiyarta magani a miya kuwa hanya a buɗe take. Wace tarbiyya aka kare a nan? Amma ko wannan bai isa uzuri ba, don ba hukuma ce ta hana a yi fim a kan alƙali ko likita ko ɗan kasuwa ba.

Abin takaici, labari a Kano ba nemansa ake ba, tuntuɓe ake da shi. Yaƙin basasar da ya ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, 'yan uwa na jini suna yaƙar juna a kan gadon sarauta, me Koriyawa suka fi mu da shi? Ga shigowar Turawa a 1903 Sarki Alu ba ya gari. Ga Muhammadu Rumfa da Kasuwar Kurmi, ga fataken da ke tafiya Gwanja sayen goro su yi watanni a hanya, ga zamanin dalar gyaɗa, ga 'yan jam'iyyar NEPU da ɗaurin da suka sha. In tarihi ya yi tsada, to ga yau: yaron shago a Kantin Kwari da ubangidansa ya ba shi amanar miliyoyi, dillalan hatsi a Dawanau lokacin da farashi ke hawa, dare ɗaya a sashen gaggawa na asibiti, shari'ar gado a kotun Musulunci inda kowane magaji ke da abin da yake ɓoyewa. Wannan na ƙarshen ɗaki ɗaya kawai yake buƙata da benci huɗu, ya fi gidan GRA arha. Kuma an ga Mai Martaba, fim ɗin sarauta da harshen Hausa, shi Najeriya ta zaɓa a 2024 ya wakilce ta a gasar Oscar. Ashe ana iyawa.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce, a wannan masana'anta marubuci ne ƙarshen wanda ake tunawa. Za a biya jaruma, a biya mai kwalliya, a biya hayar mota, sannan a kira wani yaro a ce ya haɗo labari kafin Asabar, wani lokaci ma a wajen ɗauka ake ƙirƙirar abin da za a faɗa. A garin da marubuta littattafan Hausa suka yi kaka-gida tun shekarun 1980, garin da mata ke rubutu a waya dubbai na bi, wannan abin kunya ne. A nemo su, a biya su kuɗin kirki, a ba su lokaci. A san ƙarshen labari kafin a kunna kyamara, in fitowa 12 ta ishe shi a tsaya a 12, kada a ja shi zango bayan zango har jarumar ta yi aure ta bar fim a nemo wata a ce ita ce.

In kuwa ba za a yi ba, to aƙalla a cire sunanmu daga cikin uzurin. Datar da muke saya da tsada ce, kuma maɓallin da ke buɗe fim ɗin Hausa shi ne dai ke buɗe na Turkiyya da na Koriya, yanzu ma an fassara su da Hausa. Yaran da ke tasowa sun riga sun fara zaɓa, kuma ba falon Hajiya suke zaɓa ba.