Zaki ya tafi, saura muzurun daji muke son ƙarasawa

Ran wata Lahadi na tsaya gun mai shimfiɗar magani a wata kasuwar ƙauye nan ƙasar Daura, sai ga guntun fata mai roɗi-roɗi kusa da kwalbar da ya ce wai man zaki ne na ciwon gwiwa. Na ce baba, a ina aka samo zakin? Ya yi dariya ya ce "daga nesa, yaro". To gaskiya ya faɗa, don kusa dai babu.

Zakin Afirka ta Yamma binciken da aka fitar a 2014 ya nuna kusan 400 kacal suka rage, galibinsu can dazukan iyakar Nijar da Benin da Burkina Faso. A duk Najeriya wuri biyu ake maganar su, Yankari a Bauchi da gandun dajin Kainji, kuma ba su kai 50 ba. Damisa ƙi sabo ma sai ka nausa irin su Gashaka Gumti a Taraba. Dajin Rugu da tsofaffi ke ba mu labarin namunsa, yau wa zai shiga ƙirga dabba alhali mutanen Batsari da Safana ta ransu suke?

Shi ya sa ni ban cika ɗaukar zafi kan maganar dawo da zaki Katsina ba. E, a 2020 gwamnatin Buhari ta amince dajin Kogo ya zama gandun daji na tarayya, abu ne mai kyau a takarda, amma sai tsaro ya samu kafin ma'aikaci ya iya kwana ciki.

Wanda ke hannunmu shi ne ƙaramin, muzurun daji, wanda masana suka ce shi ne kakan kyanwar da ke kwance a zaurenka. Shi ma mun tasa shi gaba. Da rani ya yi samari su fita farauta da karnuka da gora, a cinna wa ciyawa wuta, duk abin da ya fito a buge, mai ciki da mai shayarwa ba a tambaya. In ya ɗauki kaza ɗaya kuwa shi ke nan, sai a barbaɗa guba a mushe a ajiye, ta kashe shi ta kashe ungulu ta kashe karen maƙwabci da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Na san mai kaji zai ce ai ba kai aka yi wa ɓarna ba, kuma yana da hujja, kaza a ƙauye jarin mace ce, da ita ake sayen sabulu da maganin yaro. Amma a yi lissafi mana. Abincin dabbar nan na kullum ɓera ne da gafiya, su ɗin da ke fasa rumbu suna cinye geron da aka sha rana aka noma. Ka kashe mai gadi saboda kaza guda, ka koma sayen maganin ɓera duk shekara. Akurki mai murfi da ake rufewa kafin magariba ya fi guba araha nesa ba kusa ba.

Dokar hana cinikin irin waɗannan fatu tana nan tun 1985, an ma ƙara kuɗin tarar da ake ci a 2016, sai dai ni ban taɓa ganin ta zo kasuwar ƙauye ba. Sarkin dawa da mai unguwa sun fi ta tasiri, in suka ce bana ba a sa wuta, ba a taɓa mai 'ya'ya, samari za su ji. Mu kuma masu ciwon gwiwa mu daina biyan kuɗin kwalbar nan, wadda wallahi ina kyautata zaton kitsen shanu ne a ciki.