Samari, me ya ba ku dariya?

Daren Asabar ɗin nan da ta wuce na zauna a shagon wani ƙanena mai gyaran waya, inda samarin layinmu suke taruwa bayan isha'i. Wani ya zo da tsohon fim ɗin Amurka a filashi, aka jona a talabijin, aka ce wai na barkwanci ne. Fim ɗin Spike Lee ne na 1989, Do the Right Thing. Na taɓa kallonsa da daɗewa, shi ya sa na gyara zama a kan benci don in ga yadda yaran nan za su karɓe shi. Da na san abin da zan gani, da na wuce gida na kwanta.

Labarin na yini guda ne, ranar da ake tsananin zafi, a wani layi na baƙaƙen fata a unguwar Brooklyn ta birnin New York. Ga Sal, Ba'italiye mai shagon abinci, wanda ya cika bangonsa da hotunan 'yan ƙabilarsa kaɗai. Ga wasu dattawa uku a bakin titi suna zuba surutu, kai ka ce majalisarmu ce aka ɗauka aka kai can. Ga Radio Raheem, ƙaton saurayi mai yawo da rediyon da ke cin batir 20. Akwai ban dariya sosai, ni ma na dara har da tafa hannu. Ba na hana kowa dariya, ƙannena.

Amma can kusa da ƙarshe sai Sal ya farfasa rediyon, kokawa ta kaure, 'yan sanda suka iso. Ɗaya ya sa kulki a maƙogwaron Raheem ya ɗaga shi, aka nuna ƙafafunsa suna wutsil-wutsil ba sa taɓa ƙasa, har abokin aikinsa yana ce masa ya isa haka. Bai sake shi ba sai da rai ya fita. Suka jefa gawar a mota suka gudu. A daidai nan shagon nan ya kece da dariya. Wani ya ce, "Kai, ya ji maza!" Wani ya ce a mayar baya a sake gani. Aka mayar. Na uku ya zaro waya yana ɗauka don ya ɗora a sitatus, na tabbata da hoton fuskar nan mai hawayen dariya zai haɗa. Na dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ko zan ga wanda jikinsa ya yi sanyi. Ban gani ba.

Me ya ba ku dariya? Hausawa na cewa abin dariya, yaro ya tsinci haƙori. To ku me kuka tsinta a wuyan mutumin da ake shaƙewa? Mai fim ɗin ya ɗauki fiye da awa guda yana sa mu raha da mutanen layin nan don mu saba da su, su zama kamar maƙwabtanmu, saboda in aka kashe ɗayansu abin ya soke mu. Ku kuwa kun cinye zumar kun tofar da maganin da aka sa a ciki. Dariyarku kamar mota ce marar birki, in ta taso ba ta san jana'iza ba, ba ta san masallaci ba.

Da fim ya ƙare sai gardama ta tashi, kuma ita ce ta ƙara ɓata mini rai. Duk maganar a kan shagon Sal da jama'a suka ƙona ce. Wannan ya ce an cuci bawan Allah, wancan yana lissafin nawa za a kashe a gyara. Da na ce to shi wanda aka kashe fa, sai wani ya ce, "Yaya, ai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, wa ya ce ya ƙure rediyo?" Ashe ƙure rediyo hukuncinsa kisa ne? In haka ne, da babu mai shagon caji ko ɗaya da zai rage a layinmu. Abin takaicin, wannan ita ce gardamar da aka yi a Amurka tun 1989. Wasu masu sharhi a New York sun rubuta cewa fim ɗin zai iya tunzura baƙaƙen fata su yi tarzoma, ba a kuwa yi ba. Shi Spike Lee ya sha faɗin cewa Turawa ne ke tambayarsa ko daidai ne a fasa shagon, baƙar fata ba ya yi masa wannan tambayar. Sai ga ku, baƙaƙe wuluk kamar ni, kun ɗauki tambayar Turawan kun rungume. Ko da yake me zan ce, wasu cikinku man bilicin ya fara kai su rabin hanya, gwiwar yatsu baƙa, kumatu kamar an yi ƙuna da ruwan zafi.

Ku sani ba tatsuniya kuka kalla ba. A ƙarshen fim ɗin an jero sunayen mutum shida da aka sadaukar da shi ga iyalansu, amma lokacin kun riga kun koma kan wayoyinku. Cikinsu akwai Michael Stewart, matashin da ya mutu a 1983 bayan 'yan sandan jirgin ƙasa na New York sun kama shi. Shekara 25 bayan fim ɗin, a 2014, ɗan sanda ya shaƙe Eric Garner a wannan birnin, yana cewa ba ya iya numfashi har sau 11. A 2020 ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti tara a Minneapolis. In kuma kuna ganin wannan matsalar jikokin bayi ce, ba ta shafe ku ba, ku tuna Amadou Diallo, ɗan Gini, Musulmi ɗan tireda, irin ku masu mafarkin biza. A 1999 'yan sanda huɗu suka harba masa harsashi 41 a ƙofar gidansu a unguwar Bronx ta New York, 19 suka same shi, alhali walat ce a hannunsa. Kotu ta wanke su. Harsashi bai tambayi ƙasarsa ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ruwa ake shafa wa naka, ba a tsayawa ɗaukar bidiyo.

Ni abin da ke ba ni tsoro shi ne wannan dariyar ba a fim ta tsaya ba. Ita ce kuke yi in an kama ɓarawon waya ana jibga, ita ce kuke yi in an turo bidiyon haɗari, ita ce kuke yi wa mahaukacin bakin kasuwa. Mun taso mun ga in an wuto da makara, mai shayi ya ajiye buta, mai keke ya sauka, 'yan ƙwallo su dafe ƙwallonsu har a wuce, ko ba a san wanda ke ciki ba. An karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe wa gawa, aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne? Ina wannan tarbiyyar ta tafi? Ku dai ku yi wa kanku faɗa, ku riƙa sanin inda ake rufe baki. Iyaye ma su duba, don ba daga sama yaran suka faɗo ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na tashi, sai shi wanda ya ce a mayar baya ya ce zai rage mini hanya a babur ɗinsa. Muna hawa babban titi ya hango fitilar tocila da shinge a gaba, nan take ya karya kan babur ya faɗa wani lungu mai kwata, har takalmina ya tsoma. Na ce lafiya, ba ka da takardu ne? Ya ce, "Takarduna cif suke, Yaya, amma ka san mutanen nan da dare."