Kazar Da Ta Kusa Mai Da Ni Attajiri

Kaji huɗu gare mu a bayan gida, 'yan ƙasa, masu kalen tsaki da dusa. Ƙwansu bai taka kara ya karya ba, sai ka fasa uku kafin yaro ɗaya ya ce ya ci. To ran nan na leƙa akurki, sai ga wani ƙato ya cika min tafin hannu. Na kai wa mai shayin bakin layinmu, ya jera shi da ƙwan gidan gona na cikin kiret, nawa ya kere su.

Na ce wa uwargida, "Maman Abba, Wake-wake ce ta yi shi. Dama na ga tafiyarta ta sauya."

Ta ce, "Malam, wannan 'yar kazar? Ta ina ya fito?"

Ban kula ta ba. Mata da son kashe wa mutum gwiwa.

Kashegari ga wani, jibi ga wani. A majalisa kowa ya zama likitan dabbobi. Wani ya ce gwaiduwa biyu ce, sabuwar kaza takan yi haka. Wani ya rantse jinin Brahma ne, irin manya-manyan kajin nan. Malam Liman ya ce a dai yi sadaka. Ni maganar Brahma ta fi kwanta min, domin na san kuɗin da ake sayar da su. Kafin magariba mutum uku sun ba ni kafin alƙalami na 'yan tsakin da ba a ƙyanƙyashe ba, na kuma yi cefane da kuɗin, har da nama.

Wake-wake ta hau kwanci. Kwana 21 kaza ke yi, kowa ya sani. Suka cika, shiru. Maman Abba ta ce baragurbi ne a zubar, na ce babban kaya ba ya gaggawa. Masu kafin alƙalami suka fara min sallama tun da asuba, ni kuwa na koma sallah a masallacin wata unguwa.

Sai a sati na biyar na ji Abba yana ihu: "Baba, sun fito! Amma bakinsu a baje yake!"

Na iso na tarar da Brahmomina a jere, suna tafiya suna rangaji, sun nufi kwata. Suka faɗa ruwa abinsu, Wake-wake na gefe tana kururuwa kamar za ta shiɗe.

Ashe agwagwar Hajiya maƙwabciyarmu ce ke bi ta rariya ta zuba ƙwanta a akurkina. Kafin azahar Hajiyar ta iso da kwando.

"Malam, sannu da ɗawainiya. Allah Ya saka da alheri."

Na ce, "Hajiya, to ladan kwanci fa?"

Ta ce, "Ai kazar ce ta yi, ba kai ba." Ta watsa wa Wake-wake dawa cikin hannu, ta kwashe 'ya'yanta ta fita.

A ƙofar gida kuma mutum uku na jira na.